Aikin Gayya a Zauren Debian na Intanet, 1993 zuwa 2024

Bahaushe ya san gayya tun kaka da kakanni. Mai gona zai aika wa maƙwabta da samarin gari, a sa rana, a zo da garma da makaɗa, a kama huɗa tun da hantsi, kafin la'asar an tashi gonar da za ta ci mutum guda mako biyu. Haka ake yi wajen ɗaukar jinka da haƙar rijiyar unguwa. Amma gayya ta yini guda ce. Idan aka watse, ciyawar da za ta sake fitowa bayan kwana goma ta mai gona ce shi kaɗai, kuma babu makaɗin da zai zo ya zuga shi. Shi ya sa tayar da ginin jama'a bai cika yin wuya ba. Yaɓensa kowace shekara kafin damina, da sharar harabarsa kowace safiya, su ne kan gagara.

Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne yadda waɗansu mutane da ba su taɓa zama a gari ɗaya ba suka yi shekara talatin suna ɗauke da irin wannan aiki na yaɓe da shara, ba tare da ana biyan su ba. Mutanen su ne jama'ar Debian, abin da suke kula da shi kuwa shi ne zaurensu na intanet, watau tarin shafukan da ke ƙarƙashin adireshin debian.org. An zaɓi kalmar zaure a nan domin a rarrabe tsakanin shafi guda da gidan da ya tattara dubban shafuka, sa'an nan kuma domin aikinsa aikin zaure ne: a nan baƙo yake yin sallama, a nan kuma masu gida suke fitowa su faɗi abin da suke son duniya ta ji.

Mafarin al'amari

Ranar 16 ga Agusta, 1993, wani ɗalibi a Jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana ta Amurka, mai suna Ian Murdock, ya ba da sanarwar cewa yana harhaɗa wata babbar manhaja ta sarrafa kwamfuta. A lokacin shekarunsa ashirin. Sunan da ya raɗa mata, Debian, haɗi ne na farkon sunan budurwarsa Debra da nasa sunan. Ba daga tushe ya faro ginin ba. Tun 1983 Richard Stallman ya shelanta shirin GNU, da nufin samar da manhajar da kowa ke da 'yancin ya yi amfani da ita, ya duba asalin rubutunta, ya gyara, ya kuma raba wa waɗansu. A 1991 kuma Linus Torvalds, ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, ya fitar da Linux, wadda ita ce zuciyar da ke haɗa sauran manhajoji da ƙarfen na'ura. Abin da ya rage shi ne wanda zai tattara waɗannan kayayyaki da ke warwatse, ya daidaita su, ya miƙa wa mutane a dunƙule. Akwai masu yin haka kafin Murdock, sai dai galibinsu mutum guda ne ko ƙaramin kamfani, kuma da zarar mai abin ya gaji sai kaya su fara lalacewa. Shawarar Murdock ita ce a raba aikin, kowane ƙunshi na manhaja a sami mai kula da shi, a kuma yi komai a bainar jama'a.

A cikin shekarar nan ta 1993, ranar 30 ga Afrilu, cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janeba ta saki fasahar shafukan intanet, wadda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro, ta ce kowa ya ɗauka kyauta. Ke nan Debian da shafukan intanet sa'o'in juna ne. Duk da haka, a shekarun farko ba ta hanyar shafi yawancin mutane suke samun Debian ba, sai dai su kwaso ta daga rumbunan jami'o'i ko su sayi faifai. Wani abu da ya faru a ƙarshen 1995 ya nuna haɗarin rashin bakin magana guda. Wani kamfanin Amurka mai buga faifan CD ya ɗauki Debian da ba a gama haɗawa ba, ya buga, ya sa mata lamba 1.0, ya kai kasuwa. Da abin ya fito fili, sai jama'ar Debian suka haƙura da wannan lamba gaba ɗaya, domin kada a rikita sahihi da jabu. Saboda haka har yau babu wata Debian 1.0 ta gaskiya. Fitowa ta farko mai cikakkiyar lamba ita ce 1.1, a watan Yuni na 1996, ɗauke da ƙunshin manhaja 474.

A lokacin Bruce Perens ne ke shugabanci, kuma a zamaninsa aka rubuta takardar alkawari tsakanin Debian da jama'a, wadda aka amince da ita a watan Yuli na 1997. Ɗaya daga cikin alkawuran shi ne ba za a ɓoye matsala ba, duk wani aibu da aka gano a manhajar za a bar shi inda kowa zai gani. A shekarar aka yi wa wata ƙungiya rajista a jihar New York, mai suna Software in the Public Interest, domin ta riƙa riƙe wa Debian kuɗi da kadara, tun da ita Debian ba kamfani ba ce. A watan Disamba na 1998 kuma aka kafa tsarin mulki wanda ya fayyace yadda ake zaɓen shugaba da yadda ake yanke shawara. Wanda duk ya ɗauki alkawarin ba zai ɓoye aibu ba, tilas ne ya tanadi wurin da zai riƙa bayyana shi, kuma ya tabbata abin da ke wurin na yau ne. Daga 1997 aka fara ajiye sanarwar tsaro a zauren, watau gargaɗin cewa an gano wata kafa a manhaja kaza wadda ɓarawo zai iya bi, ga kuma yadda za a toshe ta.

Yadda aka raba kayan

Wajen ƙarshen shekarun 1990 masu kula da zauren suka tsai da wani tsari wanda ya daɗe fiye da yadda kowa ya zata. Maimakon a riƙa rubuta kowane shafi da hannu daga sama har ƙasa, sai aka ɗauki wata manhaja mai suna WML, wadda wani Bajamushe, Ralf Engelschall, ya rubuta. Amfaninta shi ne marubuci zai rubuta gundarin maganarsa kawai, ita kuwa manhajar ta ɗora masa kai da gindi da jerin hanyoyin da kowane shafi yake da su. In aka so sauya wani abu da ya shafi zauren duka, wuri ɗaya za a taɓa. Asalin rubutun kuma aka zuba shi a wani rumbu mai suna CVS, wanda aikinsa shi ne ya riƙe tarihin kowane fayil: wa ya taɓa shi, yaushe, me ya ƙara, me ya cire. Kowane gyara yana ƙara wa fayil lamba, daga 1.1 zuwa 1.2 zuwa 1.3, haka nan har abin da ya sawwaƙa. Sa'an nan aka sa wata babbar na'ura ta riƙa ɗebo abin da ke rumbun sau shida a rana, ta gina shafukan, ta aika wa waɗansu na'urori a nahiyoyi dabam-dabam, waɗanda ake kira madubai domin abin da ke cikin uwar shi ne ke cikinsu.

Hikimar da ke cikin wannan tsari ita ce ba ya bukatar kowa ya jira kowa. Mutumin da ke Tokyo zai gyara kuskuren rubutu da dare, ya kwanta, na'ura ta fitar da gyaran kafin na Madrid ya tashi daga aiki. In wani ya yi ɓarna, ko da gangan ko bisa kuskure, tarihin fayil yana nan, sai a mayar da shi yadda yake jiya. Wannan ne ya sa aka iya sakin hannu wajen ba da izinin rubutu. Ba sai mutum ya zama cikakken ɗan ƙungiya mai ƙuri'a ba kafin a bar shi ya taɓa zauren. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi daɗewa suna wannan hidima ba masu rubuta manhaja ba ne sam, masu fassara ne da masu gyaran rubutu.

Batun harsuna

A nan ne tarihin ya fi shafar mai nazarin harshe. An kasa rumbun ɗaki-ɗaki, kowane harshe da nasa: ɗakin Ingilishi, na Faransanci, na Jamusanci, na Rashanci, na Jafananci, na Larabci, da sauransu, har a wani lokaci adadinsu ya haura talatin. Kowane ɗaki yana da mai kula da shi, kuma jerin fayilolinsa daidai yake da na Ingilishi. Shafin da aka gina yakan ɗauki alamar harshensa a cikin sunansa, kamar en ga Ingilishi ko fr ga Faransanci. Mai karatu ba ya bukatar ya zaɓa. Manhajar da yake buɗe shafuka da ita takan gaya wa na'urar Debian harsunan da mai ita ya fi so, bi da bi, ita kuwa na'urar ta miƙo masa fassara in akwai, in babu ta ba shi Ingilishi. Sinawa ma sun yi wata dabara, suna rubuta fassara sau ɗaya, na'ura ta fitar da ita iri uku, domin masu karatu na babban yankin Sin da na Hong Kong da na Taiwan, waɗanda salon haruffansu ya bambanta.

Sai dai fassara tana da wani ciwo wanda asalin rubutu ba shi da shi. Wanda ya fassara littafin hikaya ya gama ke nan, domin hikayar ba za ta sauya ba. Shafin da ke bayanin yadda ake girka manhaja kuwa, yau ana gyara shi, gobe ana ƙara masa. Mutumin da ya fassara shi bara yana iya yin aure, ko ya sami sabon aiki, ko dai kawai sha'awar ta fita daga ransa, ya tafi ba sallama, domin ba wanda ya ɗauke shi aiki balle ya rubuta takardar ajiyewa. Fassararsa tana nan ras, da kyakkyawan harshe, tana gaya wa mai karatu abin da ya daina zama gaskiya. Tsohuwar fassara ta fi rashin fassara haɗari, domin wanda bai sami shafi da harshensa ba ya san bai samu ba, zai nemi mai taimako. Wanda ya sami tsohon shafi kuwa ya ɗauka ya samu.

Maganin da aka yi wa wannan ciwo ɗan layi guda ne. Kafin 2018, a saman kowace fassara mai ita yakan rubuta lambar da asalin Ingilishi yake ɗauke da ita a ranar da ya fassara, a ce 1.14. Duk lokacin da na'ura ta zo gina zauren sai ta gwada wannan lamba da ta asalin. In asalin ya matsa zuwa 1.15, fassara kuwa tana nan a 1.14, sai na'ura ta liƙa gargaɗi a saman shafin, da harshen mai karatu, cewa asalin ya fi wannan fassara sabunta, ga kuma hanyar zuwa gare shi. Daɗin daɗawa, akwai wani shafi na ƙididdiga da ke jera harsuna duka, yana nuna nawa aka fassara a kowanne, nawa ne suke daidai da asali, nawa suka tsufa. Ba mai faɗa, ba mai zagi, amma kowace jama'a tana ganin matsayinta kusa da na maƙwabta, abin da kan sa mai kunya ya ɗaura ɗamara. Ƙa'ida mafi tsanani ita ce ta wata shida: fassarar da aka bari ba a sabunta ba har wata shida bayan an sauya asalinta, sai a share ta daga zauren.

Lalle wannan ƙa'ida tana da zafi. Mutum ya ɓata dararensa yana neman kalmar da ta dace, sa'an nan na'ura ta kawar da aikin ba tare da ta san wahalar da aka sha ba. Amma in aka duba da kyau za a ga cewa waɗanda suka kafa ta sun fahimci halin mai aikin sa kai fiye da masu yi masa kirari. Sun san zai tafi. Ba su gina tsarinsu bisa zaton himmarsa za ta dawwama ba, sai suka shirya yadda tafiyarsa ba za ta cuci mai karatu ba, yadda kuma wanda zai gaje shi zai ga daidai inda aka tsaya.

Waɗansu jama'u sun ƙara nasu ladubban a kan wannan. Masu Faransanci, alal misali, sun saba da matakai: mai fassara zai fara shelanta cewa ya ɗauki shafi kaza domin kada mutum biyu su yi aiki ɗaya, in ya gama ya nemi 'yan'uwa su duba, in an yi gyare-gyare ya yi kira na ƙarshe ko akwai mai sauran magana, sa'an nan ya zuba a rumbu. Ta haka kalmomin fannu suke daidaituwa ba tare da an kafa wata hukuma ba, domin kalmar da ta sha wucewa ta hannun masu dubawa ita ce kan zauna. Harshen Hausa yana da tasa alamar a tsarin duniya, watau ha, kuma manhajar buɗe shafuka tana iya neman sa, amma babu ɗakin Hausa a rumbun Debian. Wanda ya yi tunanin buɗe shi, ƙa'idar wata shida ta riga ta gaya masa cewa fassara shafi ɗari cikin hutu guda ba ita ce wahalar ba. Abin nema shi ne mutum biyu ko uku da za su riƙa leƙowa kowane mako har shekara goma.

Gobara da ɓarayi

Zauren ba a iska yake ba, a cikin na'urori yake, kuma na'urorin Debian mafi yawansu kyauta ce, suna zaune a ɗakunan jami'o'i da kamfanonin da suka ba da wuri da lantarki. Da safiyar 20 ga Nuwamba, 2002, wuta ta kama cibiyar kwamfutoci ta Jami'ar Twente da ke garin Enschede na ƙasar Holan, ginin ya ƙone. A cikinsa akwai wata na'urar Debian mai suna satie, wadda ke riƙe da rumbun gyare-gyaren tsaro da waɗansu muhimman bayanai na ƙungiyar. Masu aikin sa kai suka sake tayar da waɗannan hidimomi a kan wata na'ura mai suna klecker.

Sunan nan yana da labari. Yawancin na'urorin Debian sunayen mawaƙa da makaɗan Turai ake sa musu, amma klecker sunan wani saurayi ne, Joel Klecker, wanda ya yi wa Debian aiki mai yawa har ya rasu a watan Yuli na 2000 yana da shekara 21. Sai bayan rasuwarsa akasarin abokan aikinsa suka san cewa yana kwance ne da wata cuta mai cinye tsoka, kuma daga kan gado yake yin aikin. Aka sadaukar masa da Debian 2.2 da ta fito a watan Agusta na shekarar. Irin wannan gayya ce da mutum zai yi shekaru yana noma kusa da kai ba ka taɓa ganin fuskarsa ba.

Shekara guda bayan gobarar, a watan Nuwamba na 2003, sai ga masifa ta biyu. Wani ɗan kutse ya sace kalmar sirrin ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, ya shiga da ita, sa'an nan ya bi ta wata kafa da ke cikin zuciyar Linux ya mallake na'urori huɗu. Daga cikinsu akwai klecker, wadda a lokacin ita ce uwar da ake gina zauren a kanta, da gluck mai riƙe da rumbun CVS. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce yawan hannuwan da ke riƙe da mabuɗi, watau abin da ya ba tsarin ƙarfi tun farko. Aka kashe na'urorin, aka soke kalmomin sirrin kowa da kowa, aka bi kaya ana tantancewa har aka tabbata ba a taɓa babban rumbun manhajar ba. An sanar da duniya tun ranar 21 ga watan, kafin a gama sanin iyakar ɓarnar, a farkon Disamba kuma aka fitar da cikakken bayanin yadda abin ya auku.

Alkawarin rashin ɓoye aibu ya sake shan gwaji a 2008, kuma wannan karon laifin na cikin gida ne. Wani ɗan ƙungiya daga Ajantina, Luciano Bello, ya gano cewa wani gyara da aka yi wa manhajar OpenSSL a Debian tun 2006 ya raunana yadda take ƙera mabuɗan sirri, har ya zama mabuɗan kowane iri ba su wuce 32,768 ba, adadin da kwamfuta za ta gwada duka cikin ɗan lokaci. Ranar 13 ga Mayu aka fitar da sanarwa. Duk mai na'urar da abin ya shafa, ko a wace ƙasa yake, tilas ya sauya mabuɗansa. A irin wannan rana ake gane cewa shafin sanarwar tsaro, da saurin sabunta shi, da ingancin fassararsa, ba ado ba ne.

Kayan wane ne?

Wata matsala ta dabam ta taso daga inda ba a zata ba. Debian tana da ƙa'idoji masu tsauri game da abin da ya cancanci a kira 'yantacce, kuma ta sha korar manhajojin da lasisinsu bai cika sharuɗɗan ba. Sai ga shi a 2004 wani ya kai ƙorafi cewa lasisin da ke kan rubutun zauren Debian kansa bai cika su ba. Gaskiya ce kuwa. Gyaran a baki mai sauƙi ne, a sauya lasisi. Amma wa ke da ikon sauyawa? A ƙasan kowane shafi an rubuta cewa haƙƙin mallaka na ƙungiyar nan ta New York ne, alhali marubutan ba su sa hannu a wata takarda sun miƙa haƙƙinsu ba. A shari'a, kowane sakin layi na wanda ya rubuta shi ne, kowace fassara ta mai ita ce. Marubutan kuwa ɗaruruwa ne, waɗansu sun sauya adireshi, waɗansu sun manta ma sun taɓa yin aikin, waɗansu sun riga mu gidan gaskiya.

Aka yi shekara takwas ana jan maganar. Daga bisani aka raba ta biyu: duk abin da aka rubuta daga ranar 25 ga Janairu, 2012, yana ƙarƙashin sababbin lasisai biyu da kowa ya yarda 'yantattu ne, watau na MIT da na GPL, tsohon rubutu kuwa aka shiga bin masu shi ɗaya bayan ɗaya ana neman yardarsu. Abin da ya sa wannan bibiya ta yiwu ma shi ne rumbun ya riƙe sunan wanda ya yi kowane gyara. A gonar gayya ba mai tambayar wa ya huɗe kunya ta bakwai. A nan kuwa sai da aka tambaya.

Nauyin gado

Tsarin da ya jure tafiyar mutane yana da nasa farashi, shi ne wuyar sauyawa. Zauren ya yi kimanin shekara 13 da kamanni ɗaya, har baƙi suka riƙa ɗaukar sa kufai ne alhali kullum ana aiki a ciki. Wani mai zane, Kalle Söderman, ya tsara sabon fasali, aka daɗe ana yabawa ba a aiwatar ba, sai da 'yan kaɗan daga masu kula da zauren suka haɗu ido da ido a birnin Viyana na Ostiriya a watan Disamba na 2010, suka zauna kwanaki suna aiki. Sabon fasalin ya fito a watan Fabrairu na 2011 tare da Debian 6.0. Abin lura ne cewa aikin yau da kullum yana tafiya lafiya daga nesa, amma babban sauyi sai da aka koma ga gayya irin ta gargajiya, aka sa rana aka taru a wuri ɗaya.

Rumbun CVS ya fi haka taurin kai. Tun 2005 Linus Torvalds ya fitar da Git, kuma cikin 'yan shekaru duniyar manhaja ta koma kansa, har sababbin masu son taimako suka riƙa zuwa ba su taɓa ganin CVS ba. Kowa ya san ya kamata a ƙaura. Abin da ya riƙe ƙafa shi ne ɗan layin nan na saman fassara. Git ba ya ba kowane fayil lamba mai hawa kamar 1.14 da 1.15, sai dai ya ba kowane gyara wata doguwar alama mai haruffa da lambobi 40 wadda ido ba ya iya gane wace ta riga wace. Ƙaura tana nufin sauya layin a kan dubban fassarori, da sake rubuta duk ƙananan manhajojin da ke karanta shi, da koya wa masu fassara sabuwar hanya, waɗanda da yawansu ba ma'abota fasaha ba ne. Ba wanda ya ga dama ya ɗauki wannan kaya a lokacin hutunsa. Sai da aka yanke shawarar rufe Alioth, na'urar da rumbun yake kanta, sa'an nan tilas ta sa aka yi. A 2018 aka kammala ƙaura zuwa sabon gida mai suna Salsa, kuma Steve McIntyre, wanda ya taɓa shugabantar Debian daga 2008 zuwa 2010, yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin. Bayan wani zama a Madrid a 2019, aka sake fasalin shafin farko a watan Disamba na 2020.

Shi Ian Murdock bai ga waɗannan ba, domin ya rasu a watan Disamba na 2015. Ya bar shugabancin tun 1996, kuma abin da ya faro da 'yan ɗaruruwan ƙunshi ya kai sama da 64,000 a fitowar 2023, ban da waɗansu manhajoji irin su Ubuntu da aka gina a kansa tun 2004.

Sauyin da ya biyo baya ragi ne. Tun 1997, kowace sanarwar tsaro sai wani ya zauna ya shirya mata fayiloli da hannu kafin ta zama shafi, sa'an nan masu Faransanci da Rashanci da harshen Danmak da waɗansu su bi ta da fassara. Da manhajoji suka yawaita sai sanarwar ta zama ɗaruruwa a shekara, har wannan aiki guda ya cinye mafi yawan ƙarfin masu kula da zauren, alhali bayanin yana nan a wani rumbu dabam da ma'aikatan tsaro suke riƙewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aka shirya yadda na'ura za ta riƙa jero sababbin sanarwa da kanta, tana nuna hanyar zuwa asalinsu. A watan Janairu na 2024 wani ɗan ƙungiya daga Jamus, Thomas Lange, ya kwashe dubun-dubatar tsofaffin shafuka daga zauren, a cikinsu har da fassarorin da mutane suka yi shekara da shekaru suna yi. Fayilolin ba su ɓace ba, suna nan cikin tarihin rumbun tare da sunayen masu su, amma sanarwar tsaro ta Debian, daga wannan lokaci, da Ingilishi mai karatu yake samun ta.